Me ya sa muke dawowa daga hutu da ciwon jiki, alhali hutawa muka je yi?

Tambaya: Likita, shekaruna 49, maigidana kuma 54, dukanmu aikin zama muke yi. Duk shekara idan hutun lokacin zafi ya zo mukan yi doguwar tafiya a mota, mu haɗu da dangi, a yi kusan mako biyu ana shagulgula. Ni da ciwon ƙugu da na diddige nake dawowa. Shi kuma bara gwiwarsa ce ta kumbura bayan ya buga ƙwallo da samari. Ɗan tattakin da muke yi da safe ma yakan tsaya cak. Yaya za mu yi bana mu ci hutunmu ba tare da mun dawo muna ɗingishi ba?

Amsa: Hajiya, mu likitocin fisiyo, wato masu gashi da motsa gaɓoɓi, ba ma buƙatar kalanda kafin mu san hutu ya ƙare. Makon da aka koma aiki, benci yakan cika da masu dafe ƙugu da masu jan ƙafa, kowa da labarinsa, amma in ka saurara sai ka ji labarin ɗaya ne. Jiki da sabo yake aiki. Tsoka da jijiya da gaɓa kowanne ya san nauyin da aka saba ɗora masa, kuma yana iya ɗaukar fiye da haka in aka ƙara masa sannu a hankali. Abin da ba ya yafewa shi ne bazata. Hutu kuwa bazata biyu yake kawowa a haɗe: zaman da ya fi na ofis tsawo, da aikin ƙarfin da mutum bai yi irinsa ba tun bara. Awa shida a kujerar mota, a sauko a finciko akwati, gobe a wuni a tsaye, jibi a shiga fili ana gudu. Ko matashi sai ya ji a jikinsa.

Akwai wani abu da ke yaudarar masu shekarunku. Tsoka da numfashi suna saurin farfaɗowa, cikin makonni kaɗan mutum ya ji ƙarfi ya dawo. Jijiyar da ke ɗaure tsoka da ƙashi kuwa jini kaɗan ke isa gare ta, watanni take yi kafin ta yi ƙwari. Shi ya sa maigida zai ji kamar zai iya, kuma da gaske zuciyarsa da cinyarsa za su iya, amma agara da gwiwa ba su shirya ba.

Mu fara da hanya, tunda daga can ake ɗauko ciwon a kai shi wurin biki. Zama wuri ɗaya yana sage ƙugu da gaban cinya, yana kuma rage gudun jini a ƙafa, domin tsokar sha-raɓa ce famfon da ke tura jini daga ƙafa zuwa sama, in ba ta motsa ba jini sai ya kwanta. A 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da sakamakon wani bincike da ya nuna cewa tafiyar awa huɗu ko fiye a zaune tana kusan ninka haɗarin daskarewar jini a jijiyoyin jini na ƙafa. Kada hankalinki ya tashi, ko bayan ninkawar abin bai wuce mutum ɗaya a cikin kusan 6,000 ba. Amma ya fi kusa da mai ƙiba, da mai ciki, da mai shan ƙwayar tsara iyali, da wanda aka yi wa tiyata kwanan nan. Maganinsa ba kuɗi: a tsaya duk awa ɗaya da rabi ko biyu, kowa ya fito ya taka na minti biyar. Tsakanin tsayawa da tsayawa ki riƙa ɗaga yatsun ƙafa sama kina sauke su, sau ashirin, kamar mai taka keken ɗinki. Ki naɗe ƙaramin tawul ki sa a lanƙwasar ƙugu. Maigida ya cire walat daga aljihun baya kafin ya zauna. In bayan tafiya ƙafa ɗaya ta kumbura, ta yi zafi, sha-raɓa na ciwo, kada a yi mata tausa, a tafi asibiti ranar. In numfashi ya soma sarƙewa ko ƙirji ya ɗauki ciwo, ko minti ɗaya kada a jira.

Wurin da ake yawan jin ciwon baya shi ne minti biyu na farko bayan an kashe mota. An iso, ana murna, ana gaisawa, sai mutum ya buɗe but ya sunkuya, ya jawo akwati mafi nauyi yana juyawa gefe. Bayan da ya yi awanni a lanƙwashe an ce ya ɗauki kilo ashirin yana murɗewa. A bar kayan nan a but, ba inda za su je. A gaisa tukuna, a zaga, a dafa ƙugu a ɗan lanƙwasa baya ta baya sau biyar ko goma. Sannan a jawo akwatin bakin but, a rungume shi kusa da ciki, a juya da ƙafa gaba ɗaya. Jaka biyu matsakaita sun fi ƙatuwa ɗaya. Kuma tunda akwai samarin da ke da ƙarfin buga ƙwallo, ai suna da ƙarfin sauke kaya.

Haka nan sassafe. Fayafayan da ke tsakanin ƙasusuwan baya suna tsotsar ruwa da dare, har mutum yakan fi tsayi da kamar santimita ɗaya in ya tashi barci. A wannan lokacin sun fi cika, sunkuyo kuma ya fi matsa su. Mai ciwon ƙugu ya ɗaga aikin sunkuyo da ɗaukar nauyi zuwa bayan awa ɗaya da tashi.

Yanzu ke. Ciwon ƙugu da diddige a tare, ga mace a lokacin taro, kusan kullum daga tsayuwa yake. Kin saba zama awa bakwai a rana, sai ga ki a tsaye awa bakwai kan daɓe mai tauri, kina girki, kina hidimar baƙi, da silifas a ƙafa ko ma ba komai, da yamma kuma ki hau takalmi mai tsini. A tafin ƙafa akwai wata faffaɗar jijiya da ta taso daga diddige ta bazu zuwa yatsu. In aka yi mata lodin da ba ta saba ba, takan yi ciwo daidai inda ta manne da ƙashin diddige. Alamarta ba ta ɓuya: takun farko da safe kamar an taka ƙusa, in an ɗan zaga ya lafa, in an zauna an tashi ya dawo. In haka naki yake, to ita ce.

Na taɓa duba wata baiwar Allah da ta shigo tana taka gefen ƙafa. Na ce ta nuna min takalmin da ta yi hutu da shi, washegari ta zo da shi a leda. Sabo fil, kyakkyawa, amma na kama shi da hannu biyu na naɗe shi kamar tabarma, ba abin da ya turje. Da shi ta wuni a tsaye kwana tara. Tun daga ranar nake ba mutane wannan gwajin: ki riƙe takalmi ki lanƙwasa. In ya lanƙwashe a wajen yatsu kaɗai, tsakiyarsa ta ƙi, diddigensa na da ɗan tudu da laushi, zai riƙe ki. In ya naɗe gaba ɗaya, na zuwa banɗaki ne. Ban hana ki takalmin kwalliya ba, na san ba za ki ji ba ko na hana. Ki sa shi awa biyun da ake kallo, ki riƙe na hidima a jaka. Kuma sabon takalmi a fara sa shi a gida mako biyu kafin tafiya.

A wurin aiki ki nemi ɗan abin da za ki ɗora ƙafa ɗaya a kai, ko kujerar tsuguno ko bulo, kina sauyawa duk bayan ɗan lokaci. Wannan yana sassauta ƙugu ƙwarai. Duk aikin da za a iya yi a zaune, kamar yanka da ɓara da gyara, a yi shi a zaune. Duk rabin awa ki canza yanayi: in a tsaye kike ki zauna, in a zaune kike ki tashi. Da safe kafin ki sa ƙafa a ƙasa, ki kama yatsun ƙafar ki ja su sama zuwa ƙauri, ki riƙe ki ƙirga goma, ki maimaita sau goma. Da dare ki mirgina tafin ƙafa kan gorar ruwa mai sanyi na minti biyar.

Batun maigida ya fi ba ni tsoro, gaskiya. Tsinkewar agara ciwo ne da aka fi gani a maza masu shekara 30 zuwa 50 da ɗoriya waɗanda ba sa wasa kullum sai in taro ya haɗa. Mutum zai zabura ya bi ƙwallo, sai ya ji kamar an jefe shi da dutse a bayan ƙafa, ya waiwaya ba kowa. Daga nan watanni ne na jinya. In kwanan nan ya sha maganin ƙwayoyin cuta irin su sifrofuloksasin, haɗarin ya ƙaru, domin tun 2008 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta sa a buga gargaɗi mai ƙarfi a kan wannan rukunin magani game da tsinkewar jijiya. Wanda ya sha shi a watannin nan ya haƙura da gudu da tsalle.

Game da gwiwar bara, ki tambaye shi yaushe ta kumbura. In cikin awa ɗaya ko biyu ta cika tam, musamman in ya ji ƙara ko ta goce masa, galibi jini ne ya taru a ciki, kuma hakan na nuna wata jijiyar cikin gwiwa ta yage. In sai washegari ta taso a hankali, ya fi kama da gurguntsin gwiwa da ya ji jiki ko amosanin gaɓa da aka tsokano. Ta farkon ba a sake shiga fili da ita sai an duba. Haka in har yanzu takan maƙale ko ta saki ba zato.

In gwiwar lafiya take, ban ce kada ya buga ba. Masu cewa da muguwar rawa gara ƙin tashi ba su ga abin da ƙin tashi ke yi wa gaɓa ba. Ya buga, amma da sharaɗi: minti goma na ɗumama jiki, daga tafiya da sauri zuwa sassarfa zuwa 'yan matakai gefe da gefe, sannan minti goma sha biyar na wasa, ya fita tun yana jin daɗi. Rauni ya fi zuwa a ƙarshe, lokacin da ƙafa ta gaji amma girman kai bai gaji ba. Kuma ba kwana biyu a jere ba.

Duk wannan zai fi sauƙi in kun fara tun yanzu, don ba a fafe gora ranar tafiya. Mako uku ko huɗu kafin hutu ku ɗora abu uku kan tattakinku, sau uku a mako. Ku zauna kan kujera ku tashi ba tare da dafa hannu ba, sau goma, ku huta ku sake. Ku dafa bango ku yi ɗage kan yatsu ku sauko a hankali, sau goma sha biyar. Ku kwanta rigingine, gwiwa a lanƙwashe, ku ɗaga ƙugu sama sau goma. Minti goma ke nan. Na biyun nan shi ne abin da diddigenki da agararsa suke buƙata, kuma saukowar ce ke yin aikin, don haka kada a faɗo da sauri.

Sai tattakin da kika ce yana tsayawa. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sabunta a 2020 ita ce babba ya samu minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, da kwana biyu na ƙarfafa tsoka. Minti 150 in an raba bai kai minti 22 a rana ba. Kuma a wannan sabuntawar an cire tsohon sharaɗin cewa sai an yi minti goma a jere kafin a ƙirga, yanzu ko minti uku ne ya shiga lissafi. Wannan ya dace da hutu sosai. Ku daina neman awa guda da ba za ta samu ba a gidan da ya cika da mutane. Ku yi tattakin minti goma bayan kowane babban cin abinci, wanda banda gaɓoɓi yana rage hawan sukari a jini. Ki ja wata 'yar'uwa ku fita tare, hirar da za a yi a zaune a yi ta a tafe. Rawa da wasa da yara da hawa bene duk motsa jiki ne. Ƙarfin numfashi yakan fara raguwa cikin kamar mako biyu na zama, ƙarfin tsoka ya fi jurewa, saboda haka ba ci gaba ake nema a hutu ba, a dai riƙe zaren kada ya tsinke. Wanda ya tsaya cak yakan sha wuyar komawa, wani ma sai wata shekarar.

Zafi kuma da kansa nauyi ne. In wurin da za ku ya fi inda kuka saba zafi, ko kun saba wuni a cikin na'urar sanyaya ɗaki, jiki na buƙatar mako ɗaya zuwa biyu kafin ya daidaita, ya koyi fara zufa da wuri da rage gishirin da ke fita a cikinta. Wato kwanakin farko, da kowa ke ɗoki, su ne mafi haɗari. Mai aiki a rana yana iya zubar da lita guda ta zufa a awa ɗaya. Ku yi tattaki da wasa da sassafe ko bayan rana ta yi sanyi, ku kauce wa tsakanin goma na safe da huɗu na yamma. Ma'aunin ruwa mafi sauƙi shi ne fitsari: in fari-fari ne mai ɗan rawaya kuna daidai, in ya yi duhu an makara. Lemon kwalba ba ya maye gurbin ruwa. Sai dai mai ciwon zuciya ko ƙoda da likita ya ƙayyade wa ruwa ya tsaya kan ƙa'idarsa. Jiri, ciwon kai, tashin zuciya da ɗaurewar tsoka alamun galabaita ne: inuwa, kwanciya, ɗaga ƙafa, ruwa. Amma in mutum ya soma sambatu, ko tangaɗi, ko ya suma, jikinsa zafi rau, wannan bugun zafi ne, zafin cikin jiki ya haura digiri 40, kuma yana kisa. A jiƙa shi sharkaf da ruwan sanyi, a yi masa fifita, tun kafin mota ta iso da kuma a kan hanya.

Nan ne zan ja kunnenku kan magani. Mutane kan cika jaka da ibufurofen da dikulofenak su riƙa haɗiya kamar alewa. Waɗannan suna rage jinin da ke zuwa ƙoda. In an haɗa su da ƙarancin ruwa a jiki, da maganin hawan jini, musamman mai sa fitsari, ƙoda na iya samun matsala cikin 'yan kwanaki. Mai olsa, mai ciwon ƙoda, mai shan maganin tsinka jini, ya nisance su sai da izinin likita. Na shafawa ya fi aminci ga gwiwa da diddige. Farasitamol kada ya wuce giram huɗu a rana ga babba mai lafiyar hanta, kuma a lura yana ɓoye a cikin magungunan mura da yawa. Abin da na fi ƙi shi ne a sha maganin ciwo don a samu damar shiga fili. Kashe ƙararrawa ne alhali wuta na ci. In kuma maigida ya taɓa farkawa tsakar dare babban yatsan ƙafa ya yi ja ya kumbura, ko zani ba ya so ya taɓa, wannan ciwon gawut ne, na taruwar sinadarin yurik asid, kuma yawan jan nama da abin sha mai zaƙi da barasa da rashin ruwa su ke tayar da shi. Ranakun biki sun haɗa masa komai.

Ya kamata ku iya rarrabe tsamin jiki da rauni. Tsami yakan zo washegari, ya fi tsanani tsakanin awa 24 da 72, yana cikin naman tsoka, yawanci ɓangare biyu, kuma motsi na rage shi. Wannan ba abin damuwa ba ne, tafiya a hankali da ruwan ɗumi sun ishe shi. Rauni kuwa yana zuwa nan take, wuri ɗaya ne da za a iya nunawa da yatsa, da kumburi ko kasa taka ƙafa. Ga mai tsohon ciwo ina ba da wannan ma'aunin: in a kan goma ciwon bai wuce uku ko huɗu ba lokacin motsi, kuma washegari ya koma yadda yake, a ci gaba. In ya kwana ya ƙaru, jiya an zarce, a rage rabi, amma kada a daina.

In an yi targaɗe a idon sawu, tambayar farko ita ce ko mutum zai iya taku huɗu, ko da ɗingishi. In ba zai iya ba, ko kuma ƙashin kansa ne ke ciwo in an danna, a ɗauki hoto. Wannan na cikin ƙa'idar da likitoci a Ottawa ta Kanada suka fitar a farkon shekarun 1990, har yau da ita ake aiki. In zai iya, a ɗaure da bandeji, a ɗaga ƙafar sama da ƙirji, a huta kwana ɗaya zuwa uku, sannan a fara takawa gwargwadon hali. Ƙanƙara na rage zafi, a naɗe ta a ƙyalle a ɗora minti goma zuwa sha biyar, amma ba ita ke warkarwa ba. Likitan Amurkan nan Gabe Mirkin, wanda ya yaɗa tsarin hutu da ƙanƙara a 1978, shi da kansa ya dawo a 2014 ya ce yawan su na iya jinkirta warkewa. Kuma kada a bar mai ƙarfin hannu ya murɗe sabon targaɗe da sunan gyara.

Ƙugu ma haka. In ya riƙe, kwanciya kwana da kwanaki tana ƙara sage shi. A sa ɗumi, a riƙa tashi ana zagawa, mafi yawansa yakan lafa cikin makonni kaɗan. Wanda ba a jira da shi shi ne in ya zo da mutuwar jiki tsakanin cinyoyi, ko kasa riƙe fitsari ko bayan gida, ko kasa yin fitsarin, ko ƙafa tana raunana, ko zazzaɓi.

Barci ma na ciki, don wanda bai samu barci ba ya fi jin ciwo, ciwon jiya da bai dame shi ba yau sai ya dame shi. Hirar dare ba za ta hanu ba, amma kada a jera dare uku. In za ki iya tafiya da matashin kanki, ki tafi da shi. In katifar baƙunta ta yi laushi ko tauri, ki kwanta ta gefe ki sa matashi tsakanin gwiwoyi, ko rigingine ki sa shi ƙarƙashinsu.

Tunda diddigen nan ya maimaita miki fiye da shekara ɗaya, zan so likitan fisiyo ya duba ƙafar da takalman da kike sawa kafin ku tafi, ki kai masa su a leda kamar waccan baiwar Allah. Maigida kuma a gwada masa gwiwar a rana ɗaya. Ranar dawowa ku bar kwana ɗaya tsakanin isowa gida da komawa ofis, kayan but ɗin ma su jira minti goma kamar yadda suka jira a zuwa.